Motar Wa Ka Shigo?

A Bambeye ta ƙuruciyarmu, in mutum ya sauko daga Tawa, da an gama gaisuwa an kawo masa ruwa, abin da za a fara tambayarsa shi ne motar wa ya shigo. Ba mai tambayar nawa ya biya, kowa ya san kuɗin mota. Ba mai tambayar ƙarfe nawa ya taso, don mota ba ta san agogo ba, sai ta cika take tashi. Sunan direba ake son ji. Da an faɗi sunan, tsofaffi za su gyaɗa kai ko su yi shiru, kuma daga gyaɗa kan nan ko shirun nan yaro ke koyon motar da zai shiga gobe, da wadda zai bari ta wuce ko da rana za ta faɗi yana tsaye bakin hanya. Iyakar iliminmu na tsare kai a tafiya ke nan a wancan zamani: ka san hannun da ka sa ranka a ciki, shi ma ya san gidan da zai je ya yi bayani in wani abu ya same ka.

Motocin ba su da yawa, shi ya sa tambayar ke da amsa. Akori-kura ne ƙirar Fijo 404, daga baya 504, da tsofaffin Landuroba da suka gama aikin gwamnati aka yi gwanjonsu. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, su ke kwasar mutanen ƙauyukanmu. Sauran ranaku kuwa sai jaki da raƙumi da amalanke da ƙafa. Lodin da ake yi musu sai wanda ya gani. Buhunan hatsi da wake a ƙasa, tumaki a ɗaure a kansu, mata da goyo a tsakiya, maza a gefe ƙafafu na reto a waje, karen mota kuma a maƙale a baya da guntun icce a hannu. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, hawa da gangara. In mota ta kama hawa ta fara nishi, yaron nan zai diro yana bin ta da gudu, da ta tsaya cak sai ya cusa iccen ƙarƙashin tayar baya kafin ta fara silalowa. Da damina, in korama ta kawo, a sauka a zauna a jira ruwa ya wuce, wani lokaci har a kwana a nan. Direban da ya san aikinsa shi ne mai jira. Wanda ya faɗa ruwa da mutane, ko ya fita lafiya, labarinsa zai riga shi isa gari, kuma Lahadi mai zuwa zai ga mata suna barin motarsa suna jiran ta wani.

Aikin direba bai tsaya ga tuƙi ba. Shi ke ɗauko wasiƙar ɗan bida, shi ke kawo kuɗin da aka aiko daga Abijan a ƙulle cikin tsumma, shi ake ba maganin da aka sayo a birni. Uba zai kawo 'yarsa tasha, ya sa ta gidan gaba, ya ce da direba, “Ga ɗiyarka nan, ka kai ta gidan wane a Bilbis,” kuma har ƙofar gidan zai kai ta, ya yi sallama, ya ga an karɓe ta kafin ya juya. Ba takarda tsakaninsu, ba lamba. Jinginar da ya ajiye ita ce gidansa: uwarsa tana garin, matarsa 'yar garin ce, gonarsa tana makwabtaka da ta uban yarinyar. Ba ina cewa zamanin ya fi na yau lafiya ba. Motocin nan sun kashe mutane, birki ya sha tsinkewa a gangara, kuma wanda ya ji ciwo a daji sai ya kwana da ciwonsa. Amma tsoron a sace ka, ko a kai ka inda ba ka nufa ba, ko a ci mutuncin 'yarka a hanya, wannan ba ya cikin abin da ke hana mu barci.

Ita Tawa kanta ba ta buƙatar tasi a lokacin. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen dubu 31 a garin. Daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, duk tafiyar ƙafa ce, kuma kafin ka isa ka gaisa da mutanen da suka san ubanka. Tasi abin Yamai ne, masu jan kai, waɗanda ake tsayarwa a faɗi unguwa, direba ya auna ko hanyarsa ce, in ba ita ba ce ya ja motarsa ko kallonka bai sake yi ba. Ba'adaren da ya fara zuwa Yamai yakan daɗe bai saki jiki da wannan ba, a ce ka shiga motar wanda ba ka san sunansa ba, ku matsu da mutum uku da ba wanda ya san wani. Abin da ya fara juya Tawa shi ne kwaltar da aka shimfiɗa da kuɗin uraniyom daga nan zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gama wajejen 1980. Garin ya zama zangon manyan motoci. Daga baya kamfanonin bas suka yawaita, su SNTV da Rimbo da Azawad da Sonef, kowanne da tasharsa, da tikiti da lambar kujera, kuma suna tashi da asuba ko ka zo ko ba ka zo ba. Sai wata buƙata ta taso wadda iyayenmu ba su san ta ba: wanda zai kama bas kafin kiran salla, da jaka da kwali, daga ƙarshen gari, wa zai kai shi tasha cikin duhu?

Amsar daga kudu ta zo. Kabu-kabu, wato tasin moto, ya fara kafuwa a garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni da Gaya, inda man Najeriya ke da arha ana sayar da shi a kwalabe bakin hanya, sannan ya hauro arewa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da shekarun da albashi ke yin watanni bai zo ba, sun ƙara tura samari kansa. Amma abin da ya cika gari da shi shi ne moto mai arha na ƙasar Sin da ya shigo bayan shekara ta 2000, su Kasea da danginsu, daga baya Boxer na Indiya. Kuɗin sayensu kuwa kuɗin bida ne. Adar ƙasar 'yan bida ce tun kaka da kakanni. Da an ɗaure damma an sa a rumbu, samari sun kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru, Gabon ko Libiya. Da rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 suka koro mutane gida, da yawa sun dawo da 'yan kuɗin da ba su isa buɗe kanti ba amma sun isa moto. Wani ya hau da kansa, wani ya ba ƙanensa ko ɗan makwabci bisa sharaɗin kawo balas kowane marece.

Ba na cikin masu zagin kabu-kabu. Wanda ya taɓa ganin mace mai naƙuda a kwance kan amalanke, jaki na tafiya yadda ya ga dama, ana neman kai ta likita kafin gari ya waye, ba zai zage shi ba. Moto ya shiga inda mota ba ta taɓa taka ƙafa ba. Wanda maciji ya sara a gona, malamin lakkwal da aka tura ƙauyen da ba hanya, mai 'yar albasa ko tumatirin rani da ke son kama kasuwa tun da safe, duk sun ga amfaninsa. Tafiyar da ake jiran Lahadi a yi ta, yanzu mutum zai yi ta da hantsi ya dawo ya yi azahar a gida.

Sai dai garin ya girma ya fi ƙarfin sanayya. Ƙidayar 2012 ta nuna Tawa ta haura mutum dubu 100. An buɗe jami'a a 2010, wadda yau ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, ɗalibai suka zo daga kowane sashe na ƙasa. Bikin 18 ga Disamba na 2017, Tahoua Sakola, ya bar wa garin sababbin tituna da fitilu, kuma titi mai santsi gayyar gudu ne. Unguwanni sun miƙe inda muka san gonaki. A daidaita sahu, wanda ya yi suna a Kano tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kuma ya cika ta bayan an hana acaɓa a Janairun 2013, ya tsallako iyaka ya iso mu, mata da tsofaffi suka yi marhabin da shi don ana zama a cikinsa kamar mutane. Yau in ka tsaya bakin kasuwa ka ɗaga hannu, yaron da zai tsaya gabanka wataƙila daga Kalfu yake, ko Barmu, ko Keita, ko Illela, ya shigo cin rani da moton wani. Fuskarsa a naɗe da rawani saboda ƙura, idonsa a bayan baƙin tabarau. In ya yi maka ba daidai ba, ba ka da gidan da za ka kai ƙara.

Mutanenmu ba su zauna jiran hukuma ta warware wannan ba. Salula ta fara bazuwa a ƙasar nan da Celtel a 2001, kafin shekara goma ta kai ƙauye, sai kowane gida ya yi nasa ɗan kabu-kabu. Yayata da ke Wadata ba ta yi karatun boko ba, amma ta haddace lambobi biyu na ƙarshen lambar wayar ɗan kabu-kabunta, da ta gan su ta san shi ne. Ba ta ma kashe kuɗin kira. Ta buga sau ɗaya ta katse, kafin ta gama yafa mayafi sai ta ji ƙararsa a ƙofar gida. Shi ke kai jikokinta lakkwal ya ɗauko su, ana biyansa a wata. Shi ke kai niƙa, shi ke kai ta NITA ko Amana ta karɓi abin da ɗanta ya aiko, ya tsaya waje har ta gama ƙirgawa ta ƙulle a gefen zane. Ranar da motonsa ya lalace, ba ta fita, sai dai in shi ya turo wani ya ce ya tsaya masa. Na taɓa ce mata, “Yaya, ga su nan birjik bakin titi, ki tsayar da kowanne mana.” Ta ce, “Ni ban hawan moton wanda ban san uwatai ba.”

'Yan bidanmu da ke manyan birane sun ga wata hanyar. Uber ya shiga Legas a 2014, Yango ya shiga Abijan a 2018, Gozem ya fara a Lome a shekarar. Wani ɗan ƙanena da ke kasuwanci a Ajame ya nuna mini yadda abin yake: ka danna waya, ta nuna maka sunan direba da hotonsa da lambar mota da kuɗin da za ka biya tun kafin ya iso, kana tafiya ɗan'uwanka na kallon inda kake daga tasa wayar, in kun sauka ka ba shi taurari gwargwadon halinsa. Yana ta murna yana nuna mini sabon abu, ni kuwa tsohuwar tambayar tsofaffinmu nake gani an ɗora wa na'ura ta amsa. Kamfanin ya tsaya a matsayin ƙauyen da ya san kowa, taurarin kuma su ne gyaɗa kan dattawa. Kuma na ga dalilinsa. A Abuja da Legas akwai abin da suke kira wan-cans: ka shiga tasi ka tarar da fasinjoji a zaune, ashe duk bakinsu ɗaya da direba, su kwashe abin da ke jikinka da na asusunka su wurgo ka bakin hanya. A gari irin wannan, hoto da lamba ba ƙaramin abu ba ne. Amma na'urar ma ana yi mata wayo. Akwai masu ba wani hayar rajistarsu, sai hoton ya zama na wani, mai tuƙin wani. A Delhi ta Indiya, a Disambar 2014, wani direban da aka samu ta irin wannan manhaja ya yi wa fasinjarsa fyaɗe, har hukuma ta dakatar da kamfanin a birnin na wani lokaci. Shi ya sa masu hankali a can ke duba lambar mota da fuskar direba kafin su buɗe ƙofa.

Ban ga alamar abin zai kafu a Tawa nan kusa ba. Tafiyar da ake yi da dala talatin ko arba'in, me kamfani zai yanka a ciki ya bar wa yaro abin cefane? Gidajenmu ba a nemansu da lamba, da kwatance ake zuwa: bayan masallacin wane, kusa da mai niƙa, gidan da ke da bedi a ƙofa. Ko Kano da yawanta, OPay ya shigo da a daidaita na waya a 2019, abin bai yi nisa ba. Abin da ke aiki a nan shi ne abin da yayata ke yi, kuma 'yan jami'a sun ɗan sabunta shi, suna tura wa juna lambobin waɗanda suka yarda da su ta WhatsApp, musamman 'yan mata da masu dawowa karatu da dare.

Inda na rabu da masu yabon sanayya ba ƙaƙƙautawa shi ne a nan. Sanayya tana tsare ka daga mugu. Ba ta tsare ka daga mutumin kirki mai gudu, kuma shi ne ya fi cika asibiti. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ba sai an karanta rahoto ba. A leƙa wurin masu ɗori da ranar kasuwa, a tambayi nawa ne suka faɗo daga itace, nawa ne daga moto. Abin da ya fi damuna shi ne sanayyar kanta tana ɗaure baki. Ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Yaron ya saba da kai, ba ya jin nauyin tsere da kai a baya. Dattijo zai iya daka masa tsawa, amma amaryar da aka kawo bara, wadda yaron abokin mijinta ne, sai ta runtse ido ta riƙe ƙarfen baya ta yi ta salati a zuci.

Na zauna a wani sulhu da ba na mantawa. Yaron makwabta ya ɗauko wata baiwar Allah daga kasuwa, ita da kwandon kaya da jariri a baya, ya ƙara da wata yarinya a gaba kan tanki. Akuya ta gitta, ya taka birki a kan yashi, suka zube. Allah ya tsare jaririn, amma ƙafar matar ta karye biyu. Da marece aka shimfiɗa tabarma a zaure. Uban yaron ya zo da goro da dattawa biyu, kansa a ƙasa. Kafin ya gama ba da haƙuri, mijin matar ya tare shi: “Haba Malam, ɗana na, ɗanka na. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranatai.” Aka yi fatiha aka tashi. Ba wanda ya ambaci parmi, don kowa ya san babu. Ba wanda ya ambaci asirans, don kalmar ma kamar zagi za ta zama a zauren nan. Matar tana ɗaki tana jin su. An sayar da tunkiyarta aka biya mai ɗori, ta yi damina guda ba ta shiga gona ba, har yau tana ɗingishi. Yaron kuwa da aka gyara masa fitila ya koma titi. Ban ce a kai shi kurkuku ba, kuma zumuncin da ya hana gidajen biyu gaba abu ne mai daraja. Amma kuɗin zumuncin nan mutum ɗaya ce ta biya shi, kuma ba a tambaye ta ba.

Maganar kaske kuwa, kowa ya san gaskiya, kowa na da uzuri. Akwai zafin watan Afrilu da ke dafa kai, akwai ɗaurin kallabin Hajiya da ba za a murƙushe ba, akwai ƙyamar sa abin da gumin wani ya jiƙa. Da Najeriya ta tilasta shi a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya da gwangwanin fenti a ka don su wuce jami'an hanya, ga jita-jitar cewa ana asiri da hular a ɓatar da fasinja. Mun yi dariya a lokacin, amma namu wayon bai fi nasu ba: kaske a rataye a hannun moto, sai an hango ɗan sanda a ɗora shi, a wuce a sauke. A Kigali ta Ruwanda kowane ɗan moto da kaske biyu yake yawo, nasa da na fasinja, da riga mai lamba, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Su ma talakawa ne, su ma suna da mata masu ɗaurin kai. Hukumarsu ce ta riƙe dokar kullum, ba mako guda bayan wani babban haɗari ba.

Ana kuma mantawa da cewa gudun nan lissafi ne. Yaron da ke kan moton wani yana tashi da bashi kowace safiya: balas ɗin mai moto, kuɗin mai, abin da zai ci, sannan abin da zai aika ƙauye. Shekara da shekaru man ruwa-ruwa na Najeriya ne ya riƙe lissafin, ko bayan an buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011. Da Bola Tinubu ya janye tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kwalbar bakin hanya ta daina arha. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a ƙasar nan, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta Ƙonni ba sai Maris na 2024, kayan gyara suka yi tsada. Gwamnati ta sauke lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma a Maris na 2025 mun ga layi a gidajen mai, yara na tura moto da hannu cikin rana. Duk wannan a kan maƙurar moto yake ƙarewa. Wanda ya tsaya yana ja-in-ja a kan dala biyar har yaro ya haƙura ya ɗauke shi, ya sani cewa dala biyar ɗin nan da gudu za a rama ta, ko da ƙarin fasinja, ko da birkin da ya kamata a canja tun watan jiya. Wasu kuma da ƙwaya suke rama gajiya, tramol ɗin da kowa ya san ana sha amma ba a son faɗa.

Akwai kuma tsoron da ya zo daga baya, wanda ya sa moto kansa ya zama abin zargi. Kano ta hana acaɓa ne bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Diffa ta hana moto a 2015, wasu sassan Tillaberi a farkon 2020. A arewacin jiharmu, an sa wa Tilliya da Tasara dokar ta-ɓaci a 2017, kuma a 21 ga Maris na 2021 mahara bisa moto suka afka wa Intazayan da Bakorat da kewayensu, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Tun daga nan ƙarar moto da yawa cikin dare ba ta barin ƙauye ya yi barci, kuma ba mai fita gari ba da katin ɗan ƙasa a aljihu ba. Su ma 'yan kabu-kabu tsoron fasinja suke yi. Sun san labarin 'yan'uwansu da aka ɗauka da dare aka ce a kai su bayan gari, aka raba su da moto, wani har da rai. Bayan isha, in baƙo ya ce a kai shi nesa, sai ka ji yaro na tambaya, “Gidan wa za ka? Kai ɗan wa na?” Wani ma sai ya kira abokinsa a gabanka ya faɗa masa inda ya nufa. Ban taɓa jin haushin wannan ba.

Abin da nake faɗa wa yaranmu da ke shigowa birni karatu bai wuce abin da ido ke gani ba. Kafin ka hau, dubi idon mai moto, ka yi masa magana ka ji yadda zai amsa. Wanda harshensa ke nauyi ko yake rawar jiki, ka ce ka fasa. Dubi ko ya cire madubi don gayu, don wanda ba ya son ganin bayansa ba ruwansa da wanda ke zaune a can. A gama ciniki a ƙasa. Mace ta tattare hijabi da bakin zane ta danne a cinya, domin sarƙa da taya sun sha fizgo mata ƙasa ta wuya, kuma wannan ya fi kowane ɓarawo kusa da ita. Da dare a kira wanda aka sani, in bai samu ba ya turo wanda zai tsaya masa. Wanda zai kama bas ɗin asuba ya shirya da nasa tun da marece, ko ya je ya kwana a tasha kamar yadda mutanen ƙauye ke yi, ba abin kunya ba ne. Sauran aikin na magajin gari ne da sandikan masu moto: riga mai lamba irin ta 'yan zemijan na Kwatano, da littafin da lambar ke komawa gare shi, mai sunan yaro da garinsu da mai moton da wanda ya tsaya masa. Riga ba littafi ado ce kawai, ana sayenta a kasuwa. In ana karɓar haraji a hannunsu, to a koya musu dokar hanya da kuɗin, a kuma tara wani abu da za a biya mai ɗori ba sai an sayar da tunkiyar kowa ba.

Kwanan baya na hau bayan wani yaro daga tasha, ɗan wajen Afala ne, bai fi shekara ashirin ba. Muna kama kwalta ya murɗa. Na dafa kafaɗarsa na ce, “Ɗana, sannu-sannu, ba gobara za mu kashe ba.” Ya ɗan juyo ya ce, “Baba, Allah shi ba ka haƙuri. In na tahi sannu, wa ka biyan mai moto da marece?” Na tambaye shi nawa yake kaiwa, ya faɗa mini, na tambayi nawa ya samu tun safe, ya faɗa, sai na ga ko rabi bai haɗa ba ga la'asar ta gabato. Na ce zan ƙara masa dala ashirin in ya kai ni yadda nake so. Ya yi dariya ya rage, muka bi ta kasuwa a hankali har wani mai amalanke ya kusa wuce mu. Da na sauka na biya shi, wata mata da yara biyu ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, ya yanko gaban wata babbar mota ya tsallaka ya kwashe su duka uku.